Masara Ta Zama Man Mota: Ribar Manoman Amurka da Abin Lura Gare Mu

Mu dai a nan, idan aka ambaci masara, tuwo da dokunu ne ke faɗo mana a rai. To amma a ƙasar Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa noman masara, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ake girbewa yana tafiya ne ga yin man mota da ake kira etanol.

Yadda ake yi shi ne a niƙa masarar, a dama da ruwa, a dafa, a zuba yisti ta tsima, sannan a tace. Daga nan sai a surka da ɗan fetur don kada wani ya sha. Kilo 25 na masara yakan ba da lita 10 zuwa 11 na etanol, ga kuma dusa wajen kilo 7 da ake kiwata shanu da kaji da ita. Yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka yana da kashi 10 cikin 100 na wannan mai.

Abin bai bunƙasa haka kawai ba. A 2005 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta wajabta gauraya irin wannan mai da fetur, aka kuma faɗaɗa ta a 2007. Wannan ya ba manomi tabbacin mai saye. Masana'antun suka kai kusan 200, yawancinsu a karkara, jihar Iowa ce kan gaba. A jihar Minnesota kuwa, tun shekarun 1990 manoma suka haɗa jari suka gina nasu, suna cin ribar gona da ta masana'anta. Direbobi, makanikai, magina da akawu duk suka samu abin yi a ƙauyukansu.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ma'aunin kilo 25 da ake sayarwa wajen dala 2 a 2005 ya haura dala 7 a 2008. Ba etanol kaɗai ya jawo haka ba, akwai tsadar man fetur da sauran dalilai, amma yana da hannu. Mai gona ya dara, mai kiwon kaji ya koka. A Mekziko, inda masara ce abincin yau da kullum, dubban mutane sun yi zanga-zanga a farkon 2007 saboda tsadarta. A 2020 kuma, da annobar korona ta tsayar da motoci, masana'antu da dama sun rufe na ɗan lokaci.

To, mu fa? Ba mu ce a ɗebi abincin yara a zuba wa mota ba, domin Amurka rara take da ita, mu kuwa da kyar take kai mu wata kakar. Abin koyi shi ne haɗa kai. Kowace kaka 'yan'uwanmu na Ejura da Techiman kan sayar da buhu da araha, su dawo su saya da tsada idan damina ta faɗi. Da manoma da 'yan kasuwar zango za su haɗa jari su gina rumbu mai kyau, su sayi injin niƙa da na haɗa abincin kaji, da ribar ta tsaya a gida, samarinmu kuma sun samu sana'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.