Malamin Aji da Jami'in Ofis: Yadda Ake Raba Kuɗin Ilimin Firamare a Karkarar Kano ta Arewa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyin da kuɗin ilimin firamare ke bi kafin su isa makarantun karkarar Kano ta Arewa, da kuma matsayin malamin aji idan aka kwatanta shi da jami'in da ke ofis. An nuna cewa bambancin da ke tsakaninsu bai tsaya a kan jadawalin albashi ba, domin su biyun a kan matakan aikin gwamnati iri ɗaya suke hawa. Asalin matsalar yana ga tsarin da ya mayar da barin aji hanyar samun ci gaba, ya kuma raba kuɗin gini da kuɗin albashi zuwa hannu biyu da ba su da ƙarfi ɗaya.

1.0 Gabatarwa

Ranar 8 ga Yuni 2024, Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. A jawabinsa ya bayyana cewa ɗalibai kimanin miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma akwai makarantu wajen 400 da malami ɗaya tak ke riƙe da dukkan azuzuwansu. Waɗannan alƙaluma biyu suna nuni ga buƙatu biyu mabambanta. Ta farko kujeru da gini, ta biyu kuwa mutum. Duk gwamnatin da ta zo takan fi saurin magance ta farko, domin gini abu ne da ake gani, a buɗe shi da biki, a rubuta sunan wanda ya yi shi a jikin bango. Ta biyun kuwa nauyi ce da ke dawowa kowane ƙarshen wata har tsawon shekara talatin da biyar ko fiye.

Manufar wannan maƙala ita ce fayyace dalilin da ya sa malamin aji, musamman na ƙauye, yake zama a ƙarshen layi wajen rabon kuɗin ilimi, ko da kason ilimi a kasafin kuɗi ya ƙaru.

2.0 Yanayin Yankin

Ƙananan hukumomin Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Tsanyawa da Bagwai da Dawakin Tofa suna cikin karkarar da masana labarin ƙasa suka daɗe da sani da cunkoson jama'a. Tun a 1965 Mortimore da Wilson suka yi nazarin ƙasar noma da ke kewaye da birnin Kano, inda ake noma gona kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar gari. Polly Hill ma, a littafinta na 1977 kan karkarar Kano, ta nuna yadda gonaki ke ƙanƙancewa idan jama'a suka yawaita, har magidanta su dogara da sana'o'in da ba noma ba.

Wannan yanayi yana da sakamako biyu ga ilimi. Na farko, gadon gona yana raguwa da kowane ƙarni, saboda haka yaron da bai iya karatu da lissafi ba ya rasa gona isasshiya, ya kuma rasa makamin neman wata sana'a. Na biyu, jama'a a warwatse suke cikin ƙauyuka da unguwanni masu yawa, don haka makarantu ƙanana ne amma da yawa. Makarantar da ke da aji ɗaya zuwa shida tana buƙatar aƙalla malamai shida, ko ɗalibanta ɗari ne ko ɗari biyar. A irin wannan wuri, yawan malamai da yadda aka rarraba su ya fi komai tasiri.

3.0 Tarihin Wanda Ke Biyan Malami

A zamanin En'e, makarantun elemantare a hannun hukumar gargajiya suke, kuma daga baitulmalinta ake biyan malamai. Shekarar 1976 ta zo da sauye-sauye biyu a lokaci guda: garambawul ga ƙananan hukumomi, da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Ɗalibai suka ninku, aka ɗauki malamai cikin gaggawa. Da kuɗin man fetur suka ja baya a farkon shekarun 1980, sai bashin albashi ya taru a jihohi da dama.

Don magance haka, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa a 1988. A 1991 aka rushe ta, aka mayar da nauyin ga ƙananan hukumomi, albashi ya sake tsayawa, yajin aiki ya yawaita. A 1993 aka dawo da hukumar. Wannan kai-komo na shekara biyar shi ne tushen tsoron da Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya take yi har yau game da barin albashin 'ya'yanta a hannun shugabannin ƙananan hukumomi.

Tsarin da ake kai yanzu ya samo asali ne daga shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a watan Satumba 1999, da dokarsa ta 2004.

4.0 Magudanan Kuɗi Guda Biyu

Kuɗin makarantar firamare ta hanya biyu suke zuwa. Hanya ta farko ita ce ta tarayya. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC. Rabin wannan kuɗi ana ba jihohi ne bisa sharaɗin su ajiye kwatankwacinsa, kuma ana kashe shi a kan gina azuzuwa da gyara su da sayen kujeru. Sauran ya tafi ga littattafai da horar da malamai da sa ido da makamantansu. Ba a biyan albashin malaman jiha da shi.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya su cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare. Kasonsu a asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin 100, alhali tarayya tana ɗaukar 52.68, jihohi kuma 26.72. Daga wannan kaso mafi ƙanƙanta ake cire albashin malaman firamare, ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a biya ta hannun hukumar SUBEB. Wato nauyi mafi girma a harkar ilimi an ɗora shi a kan mataki mafi rauni a cikin matakan gwamnati uku.

Daga wannan aljihu ɗaya kuma ake biyan ma'aikatan ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, da sauran ma'aikatan sakatariya, da masu riƙe da muƙaman siyasa. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kowace da sakataren ilimi da shugabannin sassa da jami'an duba makarantu. Duk nairar da ta tafi ga kujerar ofis an rage ta ne daga abin da zai iya ɗaukar malamin aji.

5.0 Ina Bambancin Yake?

Mai takardar shaidar NCE yakan fara aiki a mataki na 7, mai digiri kuma a mataki na 8. Jami'in ofishin ilimi ma a kan wannan tsani yake. Idan aka ɗauki malami da jami'i masu mataki ɗaya, tushen albashinsu ba shi da wata tazara ta a-zo-a-gani. Bambancin yana ɓoye ne a wurare huɗu.

Na farko, hanyar ɗaukaka. Malamin da ya ƙware, ladansa shi ne a naɗa shi shugaban makaranta, daga nan jami'in tallafa wa makarantu, daga nan shugaban sashe a ofis. Kowane hawa yana ƙara nisanta shi da allo. Babu wani muƙami mai daraja da ake kaiwa ana tsaye a gaban 'yan aji biyu. Sakamakon haka, mafi gogewa su ne mafi ƙarancin koyarwa.

Na biyu, abin da ke biyo bayan kujera. Tarukan bita da alawus na tafiya da na zaman kwamiti da abin hawa na aiki sun fi kusa da wanda ke ofis. Ba a ganin waɗannan a takardar albashi, amma ana ganin su a rayuwar mutum.

Na uku, kusanci da fayil. Ƙarin girma a takarda daban, shigar kuɗinsa cikin albashi daban. Wanda ke zaune a hedikwata ya fi iya bin sawun takardunsa fiye da wanda sai ya bar ɗalibai ya hau babur kafin ya isa sakatariya.

Na huɗu, kuɗin zuwa aiki. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, kuɗin mota da na babur sun yi tashin gwauron zabo, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Jihar Kano ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 a 2024, sama kaɗan da 70,000 na tarayya. Amma malamin da ke zaune a garin Bichi ko Ɗambatta yana koyarwa a ƙauye mai nisa, daga aljihunsa yake biyan tafiyar kowace safiya. Albashinsu ɗaya da abokinsa na cikin gari, abin da ya rage musu a hannu kuwa ya bambanta.

6.0 Abin da Haka Ke Haifarwa

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malamin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba yana da mafita uku: ya nemi canji zuwa gari, ya nemi kujera a ofis, ko ya raba lokacinsa tsakanin makaranta da gona ko kasuwa. A karkarar Kano ta uku ta fi sauƙi, domin mafi yawan malaman 'ya'yan manoma ne. Zangon karatu na farko yana buɗewa a watan Satumba, daidai lokacin girbin gero, zango na uku kuma yana cin karo da shuka da noman farko. A waɗannan lokuta malami da ɗalibi duka gona na kiransu.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Matsakaicin lissafi na jiha yakan ɓoye gaskiyar lamari, domin ana iya samun makarantar cikin gari da malamai suka yi mata yawa, da ta ƙauye mai malami ɗaya, a haɗa su a raba biyu a sami adadi mai kyan gani. Iyaye kuwa ba da alƙaluma suke hukunci ba. Uban da ya ga ɗansa ya shekara huɗu bai iya haɗa baƙi ba, zai ga ya fi masa amfani a gona ko a makarantar allo. Ta haka rashin malami ke komawa rashin ɗalibi.

7.0 Alƙawura da Matakan da Aka Ɗauka

Ba a rasa yunƙuri ba. A 2008, bayan yajin aikin gama-gari, gwamnonin jihohi suka amince da ƙarin alawus na kashi 27.5 cikin 100 ga ƙwararrun malamai, amma aiwatarwa ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Ranar 5 ga Oktoba 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu aiki a karkara. Abin da ya zama doka daga cikin alƙawuran shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, a 2022. Dalilin bai ɓuya ba: tarayya ce ke alƙawari, jiha da ƙaramar hukuma ke biya.

A Kano, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019, wanda ya ƙara buƙatar malamai. Gwamnatin da ta biyo baya ta mayar da malaman sa-kai fiye da 5,000 na shirin BESDA ma'aikatan dindindin, ta kuma ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin 2024. Wannan ya zarce kashi 15 zuwa 20 da ƙasashen duniya suka amince da shi a taron Incheon na 2015. Sai dai girman kaso ba ya bayyana inda kuɗin suka sauka.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sake buɗe tsohuwar tambaya ta 1991. Yajin aikin da malaman firamare na Babban Birnin Tarayya suka yi na fiye da wata uku a 2025, saboda ƙananan hukumominsu ba su biya sabon albashi ba, ya nuna cewa tsoron malamai yana da tushe.

8.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa rage albashin jami'in ofis ba zai gyara makarantar ƙauye ba, domin duba makarantu da ajiye bayanai ayyuka ne da ake buƙata. Gyaran yana ga sake fasalin lada. Ya kamata a samar da muƙamin babban malami wanda zai kai matakin darakta yana cikin aji. Ya kamata a sanya alawus na karkara a kan makaranta, ta yadda wanda ya bar ta zai bar shi. Haka kuma kowace ƙaramar hukuma ta riƙa bayyana yawan ma'aikatanta da ke koyarwa da waɗanda ke ofis, tare da adadin malaman kowace makaranta, a liƙa a inda kwamitin kula da makaranta da iyaye za su gani. Sannan a killace albashin malamai ta hanyar doka, ko wane ne ke riƙe da asusun ƙaramar hukuma.

Akwai kuma aiki a gaban masu nazarin Hausa. Karatu da harshen uwa a azuzuwan farko, wanda masana suka daɗe suna kira a kai, a hannun wannan malami yake. Duk littafin Hausa da aka rubuta don 'yan aji ɗaya a Makoɗa ko Tsanyawa, amfaninsa ya rataya ne a kan samun wanda zai tsaya ya karantar da shi daga Litinin zuwa Juma'a.