Gado Ba Hanya Ɗaya Ya Ke Bi Ba

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, watau ɗa ya kan ɗauko iyayensa. Gaskiya ne, amma yadda ɗaukowar ta ke faruwa ya fi abin da mu ke koya a aji zurfi. Ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani kaɗan a kan wannan, domin gobe mu ne za mu tsaya gaban yara, mu ne kuma iyayensu za su riƙa tambaya.

Abin da muka saba da shi shi ne ƙa'idar Gregor Mendel, wani fada da ya zauna a garin Burno, cikin ƙasar Cek ta yau. Ya auratar da dogon wake irin na Turai da gajere, sai 'ya'yan duka suka fito dogaye. Da ya bar waɗannan suka hayayyafa, sai ya sami dogaye 787, gajeru 277, kusan uku bisa ɗaya ke nan. Ya buga sakamakon a 1866. Daga nan aka gane kowane hali yana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, wata mai rinjaye, wata mai ɓuya. To, wannan ƙa'ida daidai ta ke, sai dai ba kowane hali ne ya ke bin ta ba.

Da fari, akwai inda ba mai rinjayar wani. Wani Bajamushe, Carl Correns, ya gwada wata fulawa da a ke kira fulawar ƙarfe huɗu. In aka haɗa ja da fara, sai 'ya'yan su fito ruwan hoda, tsaka-tsaki. In kuwa aka haɗa masu ruwan hoda da junansu, cikin kowane huɗu a kan sami ja ɗaya, ruwan hoda biyu, fara ɗaya. Ashe ja da fari ba su narke sun ɓace ba.

Na biyu, akwai inda duka biyun su ke bayyana tare. Misali rukunin jini, wanda Karl Landsteiner ya gano a 1901. Wanda ya gaji A daga uba, B daga uwa, jininsa AB ne, ba wadda ta danne wata. O ita ce mai ɓuya. Saboda haka miji mai jinin A da mata mai jinin B, in kowannensu yana ɗauke da O a ɓoye, suna iya haihuwar A, ko B, ko AB, ko O. Ku riƙe wannan da kyau, don jahilcinsa yana iya sa a zargi matar kirki a banza.

Haka kuma amosanin jini, wanda a ke kira sikila. Mai AS jikinsa yana yin jini iri biyu, mai kyau da na sikila, ga shi kuwa lafiyarsa lau. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa irin wannan mutum ya fi jure wa zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa abin ya yawaita a ƙasashenmu. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, mai ciwon sosai. Ba wai in ɗaya ya zo da shi ukun da ke biye sun tsira ba ne, kowane ciki sabon lissafi ne. Dalilin gwajin jini kafin aure ke nan.

Na uku, akwai halayen da ƙwayoyi da yawa su ke taruwa su yi. Tsawon mutum yana cikinsu. A 2022 masana suka duba mutum sama da miliyan 5, suka sami wurare fiye da 12,000 cikin gado da ke da hannu a tsawo, kowane da ɗan abin da ya ke ƙarawa ko ragewa. Launin fata ma ƙwayoyi da dama ke yin sa, don haka a ke ganin baƙi da wankan tarwaɗa a ɗaki guda.

Yanzu sai abin da ya fi ba ni mamaki. Jikinmu an gina shi da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da a ke kira sel, kuma kusan kowace tana ɗauke da rubutun gado iri ɗaya, watau DNA. To, in rubutun ɗaya ne, me ya sa ta ido ta bambanta da ta hanta? Wanda ya yi makarantar allo zai gane da sauri. A ajami, "gida" da "guda" babbaƙunsu ɗaya ne, wasali ne kaɗai ya raba su. Kusan haka abin ya ke a jiki. Akwai waɗansu ƙananan alamu, babbarsu a ke kira metil, da ke manne wa rubutun gado. Ba su canja baƙi ko ɗaya, amma su ke nuna inda za a karanta da inda za a tsallake. Ilmin waɗannan alamu shi ne efijenetik, sunan da Conrad Waddington ya ƙaga a 1942.

Ku dubi ƙudan zuma. Sarauniya da ma'aikaciya daga ƙwai iri ɗaya su ke fitowa. Wadda aka ci gaba da ba ta abincin sarauta ita ke zama sarauniya, ta yi ta ƙwai, ta yi shekaru. Ma'aikaciya kuwa a lokacin aiki makonni kaɗan ta ke yi. A 2008 masana a Ostareliya suka hana abin da ke manna metil yin aikinsa a jikin tsutsotsin zuma, sai yawancinsu suka fito sarauniyoyi.

Ga mutane ma an ga alamar haka. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga ƙarshen 1944 zuwa Mayu 1945, aka yi yunwa mai tsanani a yammacin Holan, domin Jamusawa sun tare hanyar abinci. Yaran da yunwar ta same su suna farkon ciki, da suka manyanta, ƙiba da ciwon zuciya sun fi yawa gare su. A 2008, bayan shekara sittin da 'yan kai, aka iske metil ɗin da ke kan wata ƙwayar girma, mai suna IGF2, bai kai na 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya ba. Nan kusa da mu, a ƙauyukan Gambiya, wani bincike na 2014 ya nuna yaran da aka yi cikinsu da damina alamunsu sun bambanta da na waɗanda aka yi cikinsu da rani, bisa ga abin da ke cikin jinin uwa a lokacin.

Amma kada mu wuce gona da iri. Ga ɗan Adam, yawancin alamun nan a kan wanke su a farkon ciki, kamar yadda a ke wanke allo, a sake sababbi. A tsire-tsire ne aka fi ganin suna bin iri daga kaka zuwa jika. Waɗansu kuma suna komawa daidai, misali da yawa daga alamun da taba ke bari a jini su kan ragu in mutum ya daina sha.

Abin da na ke so mu ɗauka biyu ne. Na ɗaya, in muna koyar da Mendel, mu gaya wa yara wannan ƙofa ce, gidan yana ciki. Na biyu, kada malami ya dubi yaro ya ce, "Ai gidansu ba su da kai, jini ne." Babu wata ƙwaya guda ta ƙoƙari ko ta daƙiƙanci. Ƙwayoyi ne masu yawan gaske, su kuma suna aiki tare da abinci, da lafiya, da irin koyarwar da yaro ya samu. Abin da ya gada ba mu da iko a kansa. Amma abincin mai ciki, da kula da jariri, da haƙurin malami a aji, waɗannan suna hannunmu, su ne kuma za a tambaye mu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da za a damƙa mana, amin.