Kada A Tsallake Kowa A Wajen Rabo

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu da suke zaune a Fatakwal da Anacha da Inugu, waɗanda aiki ko neman abinci ya raba su da gida. Yau za mu duba irin taimakon da iyali mai ƙaramin ƙarfi zai iya samu a baƙon gari, wato wajen karatun yara, da neman sana'a, da riƙon kuɗi.

A cikin karatunmu mun ga ikkilisiyar farko a Urushalima tana raba abinci kowace rana ga matan da mazansu suka mutu. Sai gunaguni ya tashi. Yahudawa masu jin Helenanci suka ga ana tsallake nasu gwaurayen. Harshensu dabam ne da na yawancin mutanen garin, ga shi da yawa a cikinsu a wasu ƙasashe suka girma. Abinci yana nan, amma bai kai hannunsu ba. Manzanni ba su ce a yi shiru a yi haƙuri ba. Sun sa jama'a su zaɓi mutum bakwai amintattu, aka danƙa musu aikin. Dukan bakwai ɗin kuwa sunayen Helenanci gare su, kamar Istifanas da Filibus. Wannan labari ya yi kama da zamanmu a kudu, gama sau da yawa taimako yana nan, rashin sani da rashin takarda ne suke sa a tsallake mu.

Yadda muka zo

Zaman mutanen arewa a waɗannan garuruwa ba na jiya ba ne. A 1909 aka gano gawayin ƙasa a yankin Udi, aka gina tashar jirgin ruwa ta Fatakwal domin fitar da shi, layin dogo kuma ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916. Daga baya layin ya wuce ta Makurdi da Kafanchan ya sadu da na arewa. Ta nan shanu da wake da albasa suka gangaro, mutane suka biyo su. A shekarun 1950 har wani Bafulatani daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko, da ƙuri'ar mutanen garin.

A yau akwai unguwar da ake kira Ama Hausa a Inugu, da kasuwar shanu ta Ugwuoba a hanyar Anacha. A Anacha akwai mutanenmu a titin Bida da wajen gada. A Fatakwal muna Diobu da Oyigbo. Wasunmu kuma suna barikin soja, a Bori Camp ko Abakpa. A gida mu Birom ne, ko Angas, ko Tangale, ko Bajju, ko Bura, ko Hausawa. A kudu kuwa duk wanda yake jin Hausa, Kirista ko Musulmi, sunansa ɗaya ne a bakin mutane. Idan fitina ta tashi, kamar ta Anacha a Fabrairu 2006, ba a tambayar kowa addininsa kafin ya gudu. Saboda haka wahalar maƙwabcinmu tamu ce.

Takardu uku

Kafin mu yi maganar makaranta ko rance, bari mu fara da abin da yake tare mana ƙofa. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya izinin zama a duk inda ya ga dama, ya kuma hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Amma tallafin karatu na jihohi da guraben aiki da yawa, 'yan asalin jiha ake ba. Yaron da aka haifa a Diobu, idan ya nema a Ribas sai a ce ya koma jiharsa. Idan ya je jihar ubansa kuma ba shi da shaidar cewa shi ɗan can ne. Ya zama ba shi a nan, ba shi a can.

Don haka kowane yaro yana bukatar takardu uku. Ta fari, takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ta biyu, lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN, wadda ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita. Ta uku, takardar shaidar ƙaramar hukumar asali. Wannan ta ukun a gida ake karɓo ta. Iyaye, sa'ad da kuka tafi gida Kirsimati ko biki, ku keɓe rana ɗaya ku je sakatariyar ƙaramar hukuma da yaran. Ku lura sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a kan dukan takardun, domin harafi ɗaya da ya sha bamban yana iya tsayar da shi shekara guda.

Karatun yara

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, wato firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro a makarantun gwamnati. Dokar ba ta ware ɗan baƙo ba. A 2024 gwamnatin Anambra ta sanar da cewa babbar sakandare ma ta zama kyauta a makarantunta. Mun sani akwai kuɗin riga da littattafai da na mota, waɗannan kuwa su ne suke zaunar da yara a gida. A nan ne zumuntar mata za ta iya shiga. Rigar da ta yi wa wani yaro kaɗan za ta yi wa ƙanen wani daidai. Littafin aji huɗu ba ya mutuwa domin mai shi ya shiga aji biyar.

Ga wanda ya sami shiga jami'a ko kwalejin gwamnati, akwai asusun rancen ɗalibai na NELFUND wanda ya fara karɓar masu nema a Mayu 2024. Ba ruwa a kan rancen. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana kuma ba ɗalibi kuɗin guzuri, wanda aka fara da naira 20,000 a wata. Ana soma biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Na tarayya ne, ba a duba jihar da mutum yake zaune. Amma mu tuna rance ne, za a biya.

Manya da ba su yi makaranta ba kada su ji kunya. Kowace jiha tana da hukumar yaƙi da jahilci. Ikkilisiya ma tana da benci da allo waɗanda suke zaman banza daga Litinin zuwa Asabar. Uwar da ta iya karanta takardar asibiti da lissafin cinikinta, ba a cutarta da sauƙi.

Sana'a

Yawancinmu da gadi muka fara, ko dako, ko tura baro, ko acaɓa. Ba abin raini ba ne, amma aiki ne da yake iya ƙarewa dare ɗaya. An hana acaɓa a cikin Fatakwal, aka hana a Inugu, a 2018 kuma aka hana a Anacha da Awka. Daga Agusta 2021 zaman gida na ranar Litinin ya riƙa cinye wa masu aikin yini kwana ɗaya a kowane mako a jihohin Ibo. Mai sana'a a hannu ya fi jure irin wannan.

Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, tana da ofis a kowace jiha. Takan haɗa matasa da masu sana'a su koyi ɗinki, walda, gyaran mota, aikin lantarki da makamantansu. SMEDAN kuma, tun 2003, tana horar da masu ƙananan sana'o'i. Gurabe ba su da yawa, ba kullum ake ɗauka ba, amma wanda bai je ya tambaya ba ba za a kira shi ba. Shirye-shiryen gwamnati kuwa suna zuwa suna wucewa. NAPEP ta zo a 2001, ta tafi ta bar mana sunanta a jikin keke. N-Power ta fara a 2016, aka dakatar da ita a 2023. Mu karɓa idan sun zo, amma kada mu kafa tukunyar gidanmu a kansu.

Akwai abin koyi wurin maƙwabtanmu Ibo. Ɗan kasuwa yakan ɗauki yaro ya zauna da shi shekaru, ya koya masa ciniki. Da wa'adi ya cika sai ya sallame shi da jari, yaron ya buɗe nasa shago. Da haka kasuwar Anacha ta cika da masu shago waɗanda suka fara da hannu wofi. Mu ma a cikinmu akwai kafinta da makaniki da tela. Kowane ɗaya ya ɗauki yaro ɗaya. A rubuta yarjejeniya a gaban dattawa: shekara nawa, wa zai ciyar, da me za a sallame shi. Manzo Bulus kansa da ya sauka a Koranti, wurin masu sana'a irin tasa ya zauna, suna ɗinkin tanti.

Riƙon kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023 kuɗin mota da na abinci suka haura. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma mai gadin gidan wani da mai tallan gyaɗa ba su cikin wannan lissafi. To, yaya za a yi ajiya?

Adashi muka gada, Ibo ma suna da irinsa, suna ce da shi isusu. A ce mata goma suna zuba naira 2,000 kowane mako. Kowace za ta kwashi naira 20,000 idan layinta ya zo, abin da ya isa ta fara soya ƙosai. Adashi yana tafiya da amana, saboda haka a rubuta kowane zubi a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta a gaban kowa. A baƙon gari mutum yana iya tashi ba sallama, don haka a san wanda ya tsaya wa kowa.

Kuɗin da ya taru kada ya kwana a ƙarƙashin katifa ko a rumfar kasuwa, gama gobara da ambaliya da fitina ba sa sallama. A kai banki. Hukumar NDIC tana ba da inshora ga ajiyar mutane, tun 2024 har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna masu lasisi. Ƙananan bankunan, irin su LAPO, suna ba ƙungiyoyin mata rance, amma da ruwa. Kafin ki sa hannu, 'yar'uwa, ki tambaya jimlar abin da za ki biya. Wanda ya karɓi naira 50,000 wurin mai ba da bashi a kan kashi 10 cikin ɗari kowane wata, zai biya 60,000 a shekara, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta ragu ba. Gara a ci rance domin jari, ba domin biki ba.

Mu yi hankali kuma da masu alkawarin ninka kuɗi. MMM ta rushe a Disamba 2016, CBEX ta rushe a Afrilu 2025, dukansu da kuɗin mutane masu yawa, har da masu zuwa sujada. Ko wanda ya kawo maka labarin ɗan ƙungiyar mawaƙa ne, ka tambaye shi abin da ake sayarwa har ribar take fitowa.

Namu bakwai ɗin

Me ikkilisiya za ta yi? Abin da aka yi a Urushalima. A zaɓi mutane kaɗan amintattu, maza da mata, a cikinsu a sami mai jin Turanci da mai jin Ibo ko harshen gari. Su san kowane gida: yara nawa ne ba sa makaranta, wa ba shi da takarda, wace gwauruwa ce aka kusa kora daga ɗaki. Su raka wanda yake jin tsoron shiga ofis. Su san Sarkin Hausawan unguwa, su san kuma ofishin JDPC na cocin Katolika, wanda yake aikin taimakon jama'a a dayosis. A ware baiko na musamman domin wannan aiki, a ba da rahotonsa a fili. Idan labarin wata dama ya zo, a sanar da Hausa, a kuma gaya wa maƙwabci Musulmi da ke sayar da albasa a ƙofar gida.

Kai da kake cikin rashi, faɗin damuwarka ba abin kunya ba ne. Da masu jin Helenanci sun yi shiru, da gwaurayensu sun ci gaba da kwana da yunwa.

A daren nan, bayan addu'ar iyali, ku fito da takardun yaranku ku duba wadda babu. Sa'an nan ku tuna da gida ɗaya a unguwarku da ake tsallakewa, ku kai sunansa wurin dattawa ranar Lahadi.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku, ya ba garuruwan da kuke zaune salama. Amin.