Makaranta a Tsakar Gida: Yadda Iyaye Mata Ke Karantar da 'Ya'yansu a Bazarar Dutsin-Ma da Kurfi

'Yar'uwa, idan kina yawan leƙa Facebook ko TikTok, wataƙila kin taɓa cin karo da bidiyon matan Amurka da suka cire 'ya'yansu daga makaranta suna karantar da su da kansu a gida. An ware ɗaki guda, an jera littattafai, ga taswirar duniya manne a bango. A can abin zaɓi ne, doka ta yarda da shi, kuma annobar korona ta ƙara masa kasuwa: hukumar ƙidayar ƙasar ta ce a cikin 2020 kaɗai, gidajen da ke karantar da yara a gida sun tashi daga kashi 5.4 zuwa 11.1 cikin ɗari. A Jamus kuwa doka ta hana, dole yaro ya je makaranta.

Mu ma muna da irin waɗannan gidaje a Dutsin-Ma da Kurfi, sai dai ba wanda ke ɗaukar su a bidiyo, kuma yawancinsu ba zaɓa suka yi ba. Rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki.

Kin san tarihin, don tare muka gan shi. Korona ta rufe makarantu a Maris 2020. Ba a gama farfaɗowa ba, daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantun kwana. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Kurfi da Dutsin-Ma. A Oktoba 2023 aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Duk lokacin da irin wannan ya faru, akwai uban da ke cewa 'yarsa ta gama taka wancan hanya, akwai kuma iyalin da ke ɗaure kayansu daga ƙauye su dawo cikin gari su raɓa a ɗakin dangi, yara ba takardar canjin makaranta, ba kayan makaranta. Sai uwa ta duba, ta ga wata uku sun wuce yaron da ya fara haɗa baƙi yana neman mantawa. Daga nan makarantar tsakar gida ke farawa.

Aikin jinya ya shigar da ni irin waɗannan gidaje da dama, kuma babu lokacin da ke gwada su kamar bazara, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya, 'yan garuwa su ƙara kuɗi, wuta kuma sai wanda ya gani.

Rana ita ce hedimasta

Gidajen da na ga karatu ya zauna a cikinsu duk abu ɗaya suka gane: ba agogo ke tsara darasi a bazara ba, rana ce. Ana idar da sallar Asuba yara su ɗauki allo, ko a gida ko a zauren malamin unguwa. Kafin ƙarfe bakwai an sha koko ko kunu. Daga nan har wajen tara da rabi shi ne lokacin zinariya, iska ba ta gama ɗumi ba, ƙwaƙwalwa a buɗe take. A wannan ɗan tsakani ake yin abu mai wuya, wato karatu da lissafi. Tabarma ce a inuwar darbejiya ko ƙarƙashin rumfa, bangon ɗakin girki ya zama allo, gawayi ya zama alli idan alli ya ƙare.

Awa biyu da rabi kawai? E, kuma sun isa. Malamar da ke da yara saba'in a aji ba ta iya ba kowane ɗaya minti uku. Ke da ke da uku a gabanki, minti ashirin na zama da ɗaya ido da ido ya fi wuni guda na ihu a bayan aji. Wannan shi ne ƙarfin gida, kuma kusan shi kaɗai ne, don haka kada ki ɓata shi wajen kwafar abin da yaro bai gane ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafi. Wata uwa a Kurfi mai sana'ar awara ba ta taɓa rubuta wa 'yarta tambayar lissafi a takarda ba. Sai ta ce mata ga kuɗin tiyar waken suya, ga kuɗin mai, ga na itace, an yanka awara kaza ana sayar da kowace kaza, to Umma ta ci riba ko ta faɗi? Yarinyar 'yar shekara tara tana tarawa, tana ɗebewa, tana ninkawa, ba ta ma san sunan abin da take yi ba. Ƙananan kuma ana ƙirga musu da murfin kwalba, da tsakuwa, da ƙwallon mangwaro, wanda a wannan wata ba ya wuyar samu a kowane lungu. Abin da ya rage kawai shi ne a mayar da wannan lissafin baki zuwa rubutu, domin ranar jarrabawa ba wanda zai kawo tiya.

Karatu kuwa, ki fara da Hausa, kada kunya ta hana ki. Yaron da ya iya haɗa ba, bi, bu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ba ya ba shi wahala sosai daga baya, tunda haruffan kusan ɗaya ne. Wanda aka fara wa da haddar kalmomin da bai san ma'anarsu ba, shi ne za ki ga ya kai aji biyar yana rera littafi kamar waƙa, amma ki nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ya yi shiru. Ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. Idan yaronki ya fara tafiya da kansa, ki nemo masa Magana Jari Ce. Marubucinsa Abubakar Imam a Katsina ya yi karatu, a nan kuma ya koyar, har yau littafin bai daina riƙe yara ba. Shafi ɗaya a rana, da murya, sannan ya ba ki labarin da bakinsa.

Da ƙarfe goma ta gota, a tashi. Duk uwar da ta dage sai an ci gaba har Azahar, kuka da duka za ta girba. Tsakar rana ta aikin gida ce mai sauƙi, da wanka, da barci. Bayan La'asar sai Islamiyya, kuma a nan ne yaron gida ke samun abin da tsakar gida ba ta iya ba shi: sa'anni, layi, jiran a kira sunansa, faɗa da shiri. Kada ki raina wannan. Yaron da bai saba da kowa ba sai ƙannensa yana shan wuya ranar da ya koma aji.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko da bidiyon Amurka ya sa ya yi kama da sabo. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana koyar da jajis, su kuma su koma garuruwansu su koyar da mata a cikin gidaje. Dabarar na nan da ranta. A wata unguwa a Dutsin-Ma gida uku ne suka haɗa yaransu. Mai takardar NCE da ba ta samu aiki ba ta riƙe Turanci da lissafi, ɗaya ta riƙe ƙanana, ta uku kuma, wadda ta ce ita ba ta yi boko ba, ita ke dafa abin karin kumallo, ita ke bin yara da kofin ruwa. Garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da jami'a ba ya rasa ɗalibin da zai yi lesin sau biyu a mako a kan kuɗi kaɗan idan an yi karo-karo. Sharaɗi ɗaya: a tsakar gida, a idon babba, ba a ɗaki ba, ko wane ne shi.

Abin da nas ke gani

Yanzu bari in sa farar rigata. Yaron da ya kasa gane darasi a watan Mayu, kafin ki ce daƙiƙi ne, ki tambaye shi yaushe rabonsa da ruwa. Yara ba sa neman ruwa sai ƙishi ya ci ƙarfinsu. Ki ajiye randa ko kula kusa da tabarma, kowa ya sha kafin a fara da bayan an gama. Ki riƙa lura da fitsari: idan ya yi ja kuma kaɗan ne, jiki na neman ruwa. Idan gudawa ta shigo, a haɗa ORS na leda yadda aka rubuta a jiki. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba a ƙara gishiri don a ji ɗanɗano.

Zafi da ƙura lokacin sanƙarau ne, kuma ɗakin da mutum takwas ke kwana taga a rufe shi ne gidansa. Zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai, amai, sandarewar wuya, ƙin haske, ko yaro ya rikice yana surutai, wannan ba na jira a ga gobe ba ne, ba kuma na kemis ba ne. Asibiti, a ranar. Haka yaron da ya dawo daga rana jikinsa kamar garwashi, ya galabaice ko ya fita hayyacinsa: a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi fifita, a kama hanya.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Makaranta ba karatu kaɗai take bayarwa ba, nan ne ma'aikatan lafiya ke iske yara a tare su ba da maganin tsutsar ciki ko rigakafi. Tun Oktoba 2023 Najeriya ta shigar da rigakafin HPV, mai kare mata daga sankarar bakin mahaifa, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma kyauta ne. 'Yar da ke gida tana iya tsallake shi ba wanda ya lura. Ki ɗauki katin rigakafin kowane yaro ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a duba miki abin da ya rage.

Wayar da kike karanta wannan a kai ma tana da iyaka. Bidiyon haruffa na taimakawa, amma ba malami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana a gaban allon waya ko talabijin, na ƙasa da haka kuma a bar shi ya huta.

Ramin da ya fi zurfi

Ga inda na fi jin tsoro, kuma zan faɗa ko ba daɗi. A gidaje da yawa, "tana karatu a gida" kan koma "tana gida" cikin wata shida. Babbar 'ya ita ke goyo, ita ke wanke-wanke, ita ake aika ɗebo ruwa tunda bazara ce, sannan a ɗora mata farantin talla saboda ai ba ta zuwa ko'ina. Hanyar makarantar da aka ce tana da haɗari, yarinya tana bin wadda ta fi ta tsawo da tire a ka. Ƙaninta namiji kuwa an samo masa gurbi a wata makaranta cikin gari. Idan awa biyun nan na safe ba su tsira ga 'yarki ba, to ba makaranta kike yi ba, kuma gara ke da maigida ku zauna ku kira abin da sunansa.

Doka ma tana da magana. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, ya zama kyauta kuma dole, ta ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da yaro ya halarta. Tsakar gidanki ba ta ba da sakamakon jarrabawa, ba ta ba da takardar gama firamare. Don haka karatun gida gada ne, ba masauki ba. Kada ki bari sunan yaro ya fita daga rajista. Ke ko mahaifinsa ku je wurin hedimastan makarantar da ta fi kusa da inda kuke zaune yanzu, ku bayyana halin da ake ciki, ku nemi jerin darussan zangon, ku roƙi a bar yaro ya zauna jarrabawar ƙarshen zango. Zango na uku shi ne na ƙarin aji, kuma yanzu ake cikinsa. Ki riƙe littafi ɗaya na kowane yaro, da kwanan wata a saman kowane shafi. Ranar da za a mayar da shi, wannan littafi ne zai hana a tura ɗan shekara goma aji ɗaya.

Ke ma mutum ce. Uwar da ta tashi tun kafin Asuba, ta yi girki, ta karantar, ta yi sana'a cikin wannan zafi, tana da haƙƙin ranar hutu. Alhamis da Juma'a da makarantun allo suka saba hutawa sun isa misali. Maigida idan ya dawo da Magariba, minti goma na sauraron karatun yaro a hasken fitila mai caji bai fi ƙarfinsa ba, kuma yara kan ƙara himma idan sun san Baba zai tambaya.

Nan da 'yan makonni hadari zai fara haɗowa daga gabas. Masu gona sun riga sun yi shara, sun kai taki, ruwan farko na sauka safiyar da kike karatu a cikinta za ta koma ta shuka, manyan yara su bi babansu inda hanya ta ba da dama. Ki shirya mayar da darasi bayan Azahar, lokacin da gari zai fara sanyi. Littattafai a sa su a leda a rataye, saboda yoyo da gara. A fito da gidan sauro a ɗinke inda ya yage tun yanzu, kuma idan masu raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na damina suka ƙwanƙwasa ƙofa don 'yan wata 3 zuwa 59, ki tabbatar ƙaramin ya sha na kwana ukun duka, ba na ranar farko kaɗai ba.