Aikin da Ba Ma Gani a Ɗakin Kwamfuta

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mun ɗauka aikin mai kula da kwamfutoci bai wuce kunnawa da kashewa ba. Ya fi haka nesa. Shi ke buɗe wa kowane ma'aikaci asusu da kalmar sirri, ya rufe na wanda ya bar aiki. Shi ke tsaron saba, wato uwar kwamfutocin da sauran ke ɗibar bayanai a cikinta, ya kwafe su ya adana a wani wuri daban saboda gobara ko sata.

Wanda muka fi rainawa shi ne sabunta manhaja, don yana sa mu jira. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows. Ma'aikatu da dama ba su saka shi ba. Ranar 12 ga Mayu muguwar manhajar WannaCry ta kutsa ta ɓarakar, ta kulle fayiloli a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 kan kowace kwamfuta. A Ingila asibitocin gwamnati sun ɗage ganin dubban marasa lafiya. Wata biyu fa gyaran yana nan!

Don haka in mun tarar da kwamfutar makaranta tana sabuntawa, mu bar ta ta gama, kada mu zare waya. Katse ta a tsakiya na iya hana ta sake tashi.