Tsarabar mangwaro a cikin kwalba

Daga watan Afrilu zuwa Yuni mangwaro yana cika kasuwanninmu. Yana araha, har wani ya ruɓe a zubar. Bayan wata biyu kuma a neme shi a rasa. Alhali mangwaro yana da bitamin A, mai tsare yara daga dundumi. Idan muka dafa shi da sukari muka zuba a kwalba, zai yi watanni bai lalace ba. Wannan shi ake kira kwamfitir. Ana cin sa da burodi, ko masa, ko ƙosan rogo. Kuma tsaraba ce mai kyau ranar suna, ko biki, ko salla.

Shirya kwalba

Mu nemi kwalaben gilashi masu marfin ƙarfe, irin na mayonez. Kwalbar da bakinta ya tsage, ko marfinta ya yi tsatsa, ba ta da amfani. Mu wanke su da sabulu, mu tafasa su cikin ruwa minti 10, mu kife su bisa tsabtataccen faranti.

Dafuwa

Mu zaɓi mangwaro nunanne wanda bai fara ruɓa ba. Mu wanke, mu fere, mu yanka ƙanana. Ga kilo 1 na tsokar mangwaro, a sa kilo 1 na sukari da ruwan lemun tsami 3. Kada mu rage sukarin, kada mu manta da lemun. Su ne ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Mu dafa muna motsawa da muciya don kada ya kama. Idan muka ɗiga kaɗan a faranti ya huce bai gudana ba, to ya yi.

Mu zuba shi da zafinsa, mu bar wurin yatsa ɗaya a sama. Mu goge bakin kwalbar, mu rufe. Sai mu shimfiɗa ƙyalle a gindin tukunya, mu jera kwalaben, ruwan zafi ya rufe su, su tafasa minti 15. Mu fitar, mu bar su su kwana.

Ado

Washegari, kafin kowane ado, mu danna tsakiyar marfi da yatsa. Idan ya lotsa ciki ba ya motsi, kwalbar ta rufu. Idan yana ɗagawa, iska ta shiga. Wannan a ci ta a gida cikin kwana 2 ko 3, kada a ba kowa.

Adon ba ya cin kuɗi. Mu karɓi guntun atamfa wurin tela, mu yanka shi zagaye, ya ɗara marfin faɗi. Mu ɗora bisa marfin, mu ɗaure da zare mai launi ko rinanniyar kaba. Ƙyallen yana bisa marfi ne, ba ƙarƙashinsa ba. Wadda ta iya saƙar faifai tana iya saƙa wa kwalbar ɗan kwando. Ya ƙara kyau, ya kuma kare ta daga fashewa a mota.

Babban ado shi ne takarda. Mu rubuta sunan abin da ranar da aka dafa shi, misali: Mangwaro, 12 ga Mayu. Mu ƙara da cewa: in an buɗe, a cinye cikin ƴan kwanaki, a riƙa ɗiba da busasshen cokali mai tsabta. Mu manna ta a jikin kwalbar da ƙaro.

Hattara

Wannan hanya ta ƴaƴan itace ce kawai. Nama, kifi, wake da kuɓewa ba a rufe su a kwalba haka, domin wata ƙwayar cuta tana yin dafi mai kisa a cikinsu, ko da ba a ji wari ba. Su dai a shanya su yadda muka saba.

Mu ajiye kwalaben a ɗaki mai sanyi, nesa da rana. Duk wadda marfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa ko fumfuna, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Abin da ba za mu ba ƴaƴanmu ba, kada mu ɗaura masa atamfa mu kai gidan wani.