Man wiwi na magani: Yadda kamfanoni ke zaɓar injinan tatsa da etanol mai sanyi

A watan Disamban 2018 Amurka ta halatta noman wani nau'in wiwi da ake kira hemp, wanda sinadarinsa mai sa maye, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na nauyin busasshen ganyen ba. Wata shida kafin nan, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da Epidiolex, maganin wasu nau'ukan farfaɗiya masu tsanani da aka haɗa da sinadarin CBD na wiwi, wanda ba ya bugarwa.

Nan da nan manoma suka cika gonaki da shuka, aka kuma shiga rububin kafa masana'antun tatsar mai. Daga 2019 kaya suka yi yawa a kasuwa, farashi ya karye, kamfanoni da dama suka rufe. Tun daga lokacin, irin injin da kamfani ya saya ya zama abin da ke raba riba da asara.

Me ya sa sai da sanyi?

Manyan hanyoyin tatsar man uku ne. Akwai ta iskar kabon da ake matsawa da ƙarfi sosai, wadda take ba da mai mai tsafta amma injinta na da tsada kuma ba ta da sauri. Akwai ta gas irin butan, wadda take adana ƙamshin ganyen amma haɗarin fashewarta na da yawa. Sai ta etanol, sinadarin nan da ake zubawa a man tsaftace hannu, wadda masu sarrafa kaya da yawa suka fi raja'a a kanta.

Matsalar etanol ita ce ba ya zaɓe. Idan da ɗuminsa aka zuba, yakan kwaso koren ganye da kaki da maiƙo tare da sinadarin da ake nema, sai man ya fito baƙi-baƙi mai ɗaci. Daga nan dole a sake daskarar da shi a tace, aikin da kan ci yini ɗaya ko biyu.

Amma idan aka sanyaya shi zuwa digiri 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, ko ma fiye, yawancin kakin da koren sai su tsaya a jikin ganyen. Shi kuwa etanol ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 114 ƙasa da sifili, don haka yana ci gaba da aikinsa.

Tanki, injin juyi ko injin da ba ya tsayawa

Tankin jiƙo shi ne mafi araha. Ana jiƙa ganyen a ciki, sannan a tsiyaye. Illarsa ita ce tukar takan riƙe etanol mai yawa, kamar yadda soso ke riƙe ruwa, kuma duk abin da ya tafi da tuka kuɗi ne ya zube.

Injin juyi kuwa yana aiki kamar injin wanki. Ana sa ganyen a buhun tacewa, a zuba etanol mai sanyi, injin ya motsa shi na ƴan mintuna, sannan ya juya da gudu ya matse shi har tukar ta kusa bushewa. Shi ne ya fi yaɗuwa a matsakaitan masana'antu. Sai dai a kowane zubi dole ma'aikaci ya ɗora buhu ya sauke, don haka yana cin ƙwadago.

Na uku shi ne injin da ganye ke shiga ta wannan baki, etanol ya biyo ta wancan, su yi ta gilma wa juna ba tare da an tsaya ba. Ya dace da mai sarrafa tan-tan a kullum. Amma idan ganye ya yanke, tsadarsa ta zama kaya, kuma riƙe sanyi a cikinsa na da wuya.

Inda aiki ya fi cijewa

Tatsa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Dole a raba man da etanol ta hanyar dumama shi ya zama tururi, a sake mayar da shi ruwa don amfanin gaba. Ƙananan wurare na amfani da tulun gilashi mai juyawa a cikin ruwan ɗumi, wanda ƴan litoci kawai yake iya fitarwa a awa ɗaya. Manya kuwa na sayen injin da ruwan ke kwaranya a jikin dogayen bututai masu zafi, wanda ya ninka na farko sauri nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi injin juyi mai sauri ya haɗa shi da ƙaramin tulu, zai wayi gari ganguna sun cika suna jiran layi.

Haka ma na'urar sanyaya. Mai aiki da lantarki na buƙatar wuta tsayayya da jari mai kauri tun farko. Mai aiki da ruwan naitirojin na sanyaya da sauri, amma kullum sai an sayo sabo.

Sannan ga gobara. Tururin etanol na iya kamawa da wuta tun daga kusan digiri 13, shi ya sa dokokin Amurka suka tanadi ɗakuna na musamman masu wayoyin lantarki da ba sa tartsatsi. Ga kuma haraji: etanol tsantsa na ɗauke da harajin barasa na tarayya, kusan dala 27 a kan galan ɗaya. Wasu kan koma wa wanda aka gauraya da wani sinadari don kada a sha, wanda ba shi da wannan haraji, amma sai an tabbatar gaurin bai saura a cikin man ba.

Ina Afirka ta tsaya?

Lesotho ce ƙasar Afirka ta farko da ta fara ba da lasisin noman wiwi don magani a 2017, Maroko kuma ta yi tata dokar a 2021. Ghana ta buɗe ƙofar noman hemp a dokar 2020, Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022, majalisa ta maido da shi a 2023.

A Najeriya kuwa noma da sayarwa da mallakar wiwi laifi ne, kuma hukumar NDLEA na ci gaba da lalata gonaki. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya sha kiran a halatta noman don magani, amma ƙudurorin da aka kai majalisa ba su zama doka ba.

Ga ƙasashen da suka halatta, darasin Amurka a fili yake: lasisi kaɗai ba ya kawo riba. Inda zafi ke haura digiri 35 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, kuɗin riƙe etanol a digiri 40 ƙasa da sifili shi ne lissafin farko da mai zuba jari zai yi kafin ya yi odar inji.